Motar da Ta Ƙi Tafiya Sosai

A daminar bara wata a-kori-kura ta bugi tsohuwar motarmu, Peugeot 504, ta gefen dama na gaba, a hanyar Jos zuwa Bauchi. Mun gode Allah, ba wanda ya ji rauni. Mai gyara ya miƙe ƙarfen da ya lotse, ya fesa fenti, mota ta fito kamar sabuwa. Muka biya da murna.

Amma da muka hau titi, sai muka ji tana ja zuwa dama. In an sassauta riƙon sitiyari kaɗan, sai ta nufi bakin hanya. Sau uku muna kai ta a daidaita ƙafafunta, sau uku tana komawa halinta. Cikin wata huɗu tayar gaba ta cinye ta gefe ɗaya. Muka yi ta jinkiri, gama albashin malami ba ya ɗaukar sayen taya kowane zango. Ran nan muna tafe da yara huɗu a baya, sai tayar ta fashe. Da ƙyar muka tsaya.

Sai wani tsohon makanike ya ɗauki igiyar awo, ya auna daga ƙafar gaba zuwa ta baya, hagu da dama. Daman ta gaza da kusan inci ɗaya. Ashe ƙarfen da ke riƙe da ƙafar ya lanƙwashe tun ranar haɗarin, fenti ya rufe mana ido. Da aka sāke shi, mota ta miƙe.

Mai karatu, in an gyara maka mota bayan haɗari, ka sa a auna ƙarƙashinta kafin ka ɗauki iyalinka.