Tiya Guda Kowace Lahadi

A Maraɗi ba sai mun kunna rediyo ba kafin mu san an rufe iyaka, kasuwa ce ke faɗa mana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, manyan motocin da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina suka tsaya cak. Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, kuɗin shinkafa da na mai suka yi tashin gwauron zabo. Ga kuma maganar yaƙi, an ba sojoji wa'adin mako guda su mayar da mulki. Duk wannan ya faɗo ne a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuwa bai nuna ba.

Mu Kirista muna da namu tsoron bisa na kowa. Ba mu kai kashi biyu cikin ɗari na mutanen ƙasar ba, kuma ba mu manta da Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai saboda zanen da wata jarida ta buga a Faransa, abin da ba mu ji ba, ba mu gani ba. To yanzu ga fushi da Faransa ya sake tashi. A cikin dare, babu wuta, sai in kwanta ina ta latsa waya har cajinta ya ƙare, ina bin labarin da wannan ya turo da wanda wancan ya ƙaryata.

Fasto ya yi wa'azi a kan sura ta 6 ta Matiyu, inda Yesu ya hana almajiransa damuwa da gobe. Mun ce amin. Amma abin da ya sauya mini wannan watan ya fito ne daga bencin zumuntar mata. Wata dattijuwa da dukanmu muke kira Inna ta miƙe bayan sanarwa, ta ce kowane gida ya riƙa kawo tiya guda ta hatsi ranar Lahadi, wanda bai iya ba ya kawo rabi, su mata sun san gidajen da ba a ɗora tukunya. Da yake ina da babur, ni aka ɗora wa rabo.

Na same ta a ƙofa na ce, "Inna, mu ma fa ba mu san abin da zai faru da mu ba."

Ta ce, "Ɗana, a shekarar El Buhari ina da goyo, iyaka a rufe, sama a rufe. Maƙwabciyata ce ta riƙa miƙo mini fura ta kan danga. Kai dai ka zuba mai a babur."

El Buhari ita ce yunwar 1984, wadda ta haɗu da rufe iyakar da Janar Buhari ya yi. Mutanen ƙasar Maraɗi ba su fita daga wannan shekarar da baƙin labari kaɗai ba. Akwai wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan na SIM, da ya yi ta dasa itatuwa a yankinmu suna mutuwa, zafi ya ƙone wasu, awaki su cinye saura. A 1983, kamar yadda shi da kansa yake faɗa, ya tsaya a hanya don ya rage iskar taya saboda rairayi, ransa a ɓace, ya yi addu'a. Sai idonsa ya kai kan ƴan tsire-tsiren nan da manomi ke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona. Ashe ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin kuwa ba shi da wuya: ka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, ka datse sauran, ka tsare su daga gatari da dabba. Kalgo da sabara da gawo su yi sauran aikin da kansu. Da yunwa ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Da yawa sun sare nasu da taimakon ya ƙare, amma waɗanda suka bari sun samu itacen girki da abincin dabbobi, iska ta daina binne musu shuka. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Yau ana lissafin kadada wajen miliyan biyar a Nijar da suka farfaɗo ta wannan hanya.

Ina yawan tuna wannan idan na karanta sura ta 14 ta Ayuba, inda yake maganar itacen da aka sare ya sake toho. Ayuba dai cikin ɗaci yake faɗinta, yana ganin itace ya fi mutum sa'a. Wannan ma yana ƙara mini son Littafi Mai Tsarki: bai share kukan mutum don ya ƙawata shafi ba. A ganina begen Kirista bai taɓa zama hasashen cewa komai zai yi daidai ba. Ubangijin da muke bi an gicciye shi kafin ya tashi. Abin da muka gaskata shi ne Allah bai janye hannunsa daga wurin da ya yi kama da kufai ba, don haka akwai abin da ya dace a yi da safe.

Rabon bai rasa gardama ba. Yawancin sunayen da matan suka rubuta na Musulmi ne, gwauraye da tsofaffi da masu jinya. Wasu ƴan'uwa suka ce a haɗa kowace tiya da ƴar takardar bishara. Inna ta ƙi, ni ma ina bayanta. An daɗe ana zargin mu da sayen mutane da abinci, kuma mai jin yunwa ba ya iya ce maka a'a, to amsar da ya ba ka ba tasa ba ce. Asibitin Galmi tun 1950 yake karɓar duk wanda ya zo, haka asibitin kutare na Danja da ke kudu da mu, mafi yawan majinyatansu kuwa Musulmi ne. Wanda ya tambaye ni dalilin zuwana, nakan gaya masa. Wanda bai tambaya ba, mu gaisa, in juye hatsi a ƙwaryarsa, in wuce.

Ban ce tiyarmu ta hana yaƙi ba. Abin da na sani, ranar da na zagaya gida goma sha biyu cikin taɓo, da na dawo barci nake yi, wayar ma ban san inda na aje ta ba. Addu'ata kuma ta sauya, ta cika da sunayen mutane: tsohon da ƙafarsa ta kumbura, yarinyar da zazzaɓi ya kwantar.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma hankali bai kwanta ba. Ƴan bindiga na ci gaba da addabar ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, ambaliyar daminar 2024 kuma ta rusa gidaje masu yawa a cikin gari. Littafin matan ya ƙara shafi. Wani malamin allo da ke bayan majami'armu ya fara aiko almajirinsa da tiya tasa ran Asabar da yamma, da saƙon a sa ta cikin buhu ɗaya da ta kowa.