Faifan da Ya Kusa Haɗa Ni da Baba

Wani abokina ne ya ara mini faifan R.E.M., ƙungiyar mawaƙan rok da aka kafa a garin Athens na Jihar Jojiya ta Amurka a 1980. Faifai biyu ne masu waƙoƙi 40, zaɓaɓɓu daga 1982 zuwa 2011, shekarar da ƙungiyar ta watse. Ni dai nufina in gyara Turancina.

Ran nan Baba ya ɗauki kwalin yana dubawa, sai idonsa ya faɗa kan "Losing My Religion", waƙarsu ta 1991. Ya murtuke fuska ya ce, "Wato waƙar barin addini kake saurare a gidana?" Na rasa bakin magana, domin ni ma haka na fassara ta. Ya ƙwace faifan, ga shi ba nawa ba.

Da na bincika, ashe a kudancin Amurka wannan furuci na nufin haƙurin mutum ya ƙare. Mawaƙinsu Michael Stipe ya bayyana cewa waƙar ta son maso wani ce.

Na koma na durƙusa na ce, "Baba, in Bature ya ji an ce wane ya ci fuskata, ai sai ya nemi tabon haƙori." Ya yi murmushi, ya miƙo mini faifan, amma ya ce in rage sauti.

'Yan'uwana ɗalibai, tun daga ranar ba na fassara salon magana kalma da kalma sai na tambayi masu harshen.