Ɗakin Ƙubba na Boston

Duk wanda Allah ya kai shi Boston ta Amurka, ya daure ya hau saman tsohon ginin Bulfinch na Babban Asibitin Massachusetts. Ɗakin ba shi da girma: kujeru ne hawa-hawa, sai ƙubba mai gilashi wadda hasken rana ke saukowa ta cikinta, don a zamanin da aka gina shi babu lantarki. A nan ne, ranar 16 ga Oktoba 1846, likitan haƙori William Morton ya shaƙa wa wani saurayi, Gilbert Abbott, sinadarin eta daga ɗan tulun gilashi. Barci ya kwashe shi, Dakta John Collins Warren ya sa masa wuƙa a wuya a bainar jama'a, ba a ji ihu ba.

Na daɗe zaune ina tunanin ciwon saurayin. Curin jijiyoyin jini ne da aka haife shi da shi, a ƙarƙashin muƙamuƙin hagu, dab da harshe. Har gobe irin wannan lalura kan sa likitan sa barci ya shiga taitayinsa. Idan curin ya shafi harshe, harshen yakan cika baki, yaro na kuka yana ƙara kumbura, haka ma idan aka kwantar da kai ƙasa. Ƙarfen da ake danne harshe da shi don a hango maƙogwaro, kuskure kaɗan sai ya fasa jijiya, jini ya rufe hanyar iska.

Mutanen garin nan ba su bar zancen a tarihi ba. A asibitin yara na Boston, John Mulliken da Julie Glowacki suka bambance a 1982 tsakanin ƙarin jinin da ke motsewa da kansa da wanda ke girma tare da mai shi. Amma haƙurin likitocin sa barci wajen yi wa masu irin wannan curi aiki shi ya fi burge ni. Sai an ɗauki hoton wuya an ga iyakar curin. Babban mutum akan kashe masa zafin hanci da maƙogwaro, a zura siririyar kyamara ta hanci yana farke yana numfashi da kansa, bututu ya bi bayanta, sannan a sa shi barci. Jini yana ajiye, kayan huda maƙogwaro suna kusa. Bayan aiki ma ba a gaggawar zare bututun, tunda harshen zai ƙara kumburi kafin ya saɓe.

Ɗalibanmu na likitanci, idan kun samu zuwa, kada ku wuce ɗakin nan. Har yanzu ana darasi a cikinsa.