Kafin a kwance wa turbo dawakinsa: shawarar da muka yanke a gidanmu



Motoci masu turbo sun yawaita a hannun mutanenmu cikin 'yan shekarun nan. Honda Accord ta 2018, Mercedes C300 ta 2015, Lexus NX 200t, duk ƙananan injina ne da turbo ya ara wa ƙarfin manya. Duk wanda ya sayi ɗaya, ba ya cika wata sai an samu mai ce masa, "Alhaji, ai akwai sauran dawaki a ɗaure cikin motar nan, a kwance su kawai." Mu ma an faɗa mana, kuma maganar ta kusa raba kan gidanmu. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta yadda muka ɓullo wa lamarin, ko wani zai amfana kafin ya zuba kuɗinsa.

Mu uku ne uwa ɗaya uba ɗaya, muna zaune a Agege, sana'armu albasa a kasuwar Mile 12. Bara muka haɗa kuɗi muka sayi Golf GTI ƙirar 2012, tokumbo daga Amurka: injin lita 2 mai turbo, ƙarfin doki 200, giyar DSG mai canja kanta. Ita kaɗai ce motar gidan. Ita ke kai Hajiya asibiti duk wata a duba hawan jininta, ita ke kai mu gida Aliero da Sallah, ta Ibadan da Ilorin da Jebba da Mokwa da Kontagora da Yauri. Bayan kakar bana muka ware naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu domin motar, sai aka zo kan tambayar me za a fara yi da su.

Auta ya zo da jerinsa a waya. Na farko tiyunin mataki na ɗaya, wato a sake rubuta lissafin ƙwaƙwalwar motar, wadda makanikai ke kira birenbos. Sai buɗaɗɗiyar matatar iska, sai salansa mai gurnani, sai bawul ɗin nan da ke yin atishawa in an ɗaga ƙafa daga totur, sai a sauke motar ta yi ƙasa. Yaya kuwa cewa ya yi ko noti ɗaya ba za a kwance ba, Bajamushen da ya ƙera ta ya fi mu sanin ta. Kowa da hujjarsa, kowa kuma da kuɗinsa a ciki. In injin ya lalace, daga jarin albasa za a ciro kuɗin wani a Ladipo, kuma dukkanmu mun san haka. Sai muka yi yarjejeniya cewa ba za a sayi komai ba sai mun fahimci abin da zai yi wa injin, a yanayinmu na nan, da man da muke sha a nan.

Mun fara da aikin turbo ɗin kansa. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya wata 'yar fanka, juyin da ya wuce dubu ɗari a minti guda, ita kuma ta juya 'yar uwarta da ke cusa iska cikin injin da ƙarfi. Iska mai yawa na ƙona fetur mai yawa, sai ƙarfi ya ƙaru. Ƙwaƙwalwar motar ce ke ƙayyade yawan iskar da za a cusa, da yawan fetur, da lokacin da filogi zai ba da wuta. Masu ƙera mota sukan bar tazara a wannan lissafi, domin ta jure zafi da mai maras kyau da mai ita maras kula. Wannan tazarar mai tiyunin yake ci. Shi ya sa ba tare da an sauya ƙarfe ko ɗaya ba ake samun ƙarin doki 40 zuwa 50 a irin injinmu. Dawakin na gaskiya ne, sai dai da tazarar ake biyan kuɗinsu.

Daga nan muka zo kan abin da ya sauya mana lissafi gaba ɗaya, wato lambar fetur. Fayilolin tiyunin da kamfanonin Amurka irin su APR ke sayarwa kowanne da lambar man da aka rubuta shi dominsa, akwai na 91, akwai na 93. Auta ya ce ai shi ke nan, fetur ɗin Najeriya ma 91 ne. Da muka bincika sai muka ga kamar mudun wani gari ne da na wani, suna ɗaya awo daban. A Najeriya da Turai da ma'aunin RON ake aiki, kuma mafi ƙarancin abin da ƙa'ida ta yarda a sayar mana shi ne RON 91. Amurkawa da ma'aunin AKI suke aiki, wanda lambarsa kan gaza ta RON da huɗu zuwa biyar. Abin da suke kira 91 ya kai RON 95, 93 ɗinsu kuma wajen RON 98 ne. Namu daidai yake da 87 ɗinsu, mafi araha a gidajen mansu.

Lambar nan tana nuna yadda fetur ke jure matsi da zafi. In ya gaza, wani ɓangare na man kan fashe da kansa kafin wutar filogi ta iso gare shi, ya doki kan fistin kamar guduma. Motar na da na'urar da ke jin wannan ƙwanƙwasa, sai ƙwaƙwalwa ta jinkirta wuta don ta kare injin, ƙarfi ya ragu. Amma kariyar na da iyaka. In abin ya wuce ta, zoben fistin ya karye, ko fistin ɗin kansa ya tsage. Volkswagen ma 91 na Amurka ta ba da shawarar a zuba wa GTI in ana son cikakken ƙarfinta. Ke nan motarmu, a yadda take ba a taɓa ta ba, ta riga ta fara cin tazararta. Ga kuma abin da kowa ya shaida a Fabrairun 2022, lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo ƙasar nan ya lalata wa mutane motoci a Legas da Abuja. Mai tafiya Aliero kuwa in ya wuce Mokwa ba ya zaɓen gidan mai, inda ya samu nan zai sha.

Abu na biyu shi ne zafi. Iska in an matsa ta takan ɗauki zafi, don haka akwai wani abu mai kama da lagireto a gaban mota, intakula, da ke sanyaya ta kafin ta shiga inji. Iskar da mota ke ketawa a guje ita ke sanyaya shi, kuma a tamu matse yake tsakanin lagireto da kwandensar AC. A goslon Ojota da Ketu mota na tsaye, intakula ya kwashi zafi ya riƙe. Hanya na buɗewa direba ya taka, iska mai zafi ta faɗa inji. A Kebbi kuma, watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Iska mai zafi, da fetur mai ƙaramar lamba, da ƙarin matsi, in su ukun nan suka haɗu inji na cikin haɗari.

Da muka kai nan sai muka amince a fara da lafiyar motar. Mun kai ta wurin bakaniken da ya san motocin Jamus, mai na'urar sikanin. Abu na farko da ya duba shi ne abin da ke ɗame sarƙar tayimin, domin na farkon wannan injin an san shi da saki, in kuwa ya saki sarƙa ta tsallake haƙori, fistin ya doki bawul. Muka sa sabon samfurin da aka gyara. Aka sauya filogi huɗu da kwil huɗu. Aka zuba baƙin mai mai ɗauke da lambar VW 502 00, muka kuma yanke wa kanmu juye shi duk kilomita 5,000 saboda ƙura da goslo. Aka juye man giyar DSG da matatarsa, aikin da ake son a yi duk mil 40,000, kuma babu takardar da ta nuna mai ita na farko ya yi. Sannan aka buɗe aka kankare baƙin da ya taru a bawulolin shigar iska. Irin wannan injin kai tsaye yake fesa fetur cikin silinda, man ba ya bi ta kan bawul ɗin balle ya wanke shi. Wannan aiki ya cinye fiye da rabin kuɗin.

Sauran ya tafi ga taya da birki. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayoyin da motar ta zo da su suna da sauran zane, amma sun tsufa. Muka sayar da rim 18 muka koma 17, taya 225/45 a maimakon 225/40, don ramukanmu sun fi son taya mai kaurin gefe. Aka sa fad ɗin birki masu kyau, aka juye man birki aka zuba DOT 4 sabo, tunda yakan sha ruwa daga iska, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu. Araha ba ta ado, balle a birki.

Sauran jerin Auta mun bi su ɗaya bayan ɗaya. Buɗaɗɗiyar matatar iska ta fi ta takarda barin ƙura ta wuce, mu kuwa cikin hazon hunturu muke zuwa gida. Wadda ake kafawa can ƙasa, in motar ta shiga ambaliyar Yuni da Yuli ta zuƙi ruwa, ruwa ba ya matsuwa, ƙarfen da ke riƙe da fistin ne zai lanƙwashe. Bawul mai atishawa yana zubar da iskar da ƙwaƙwalwa ta riga ta auna ta ware wa fetur, sai man ya yi yawa a banza. Cire "indomi" daga salansa, da wasu ke ba da shawara, zai kunna fitilar gargaɗi ya ƙara mana hayaƙi mai guba, mu da maƙwabta za mu shaƙa. Salansa mai gurnani kuwa, ba girin-girin ba dai ta yi mai, ga shi da asuba muke fita tarbar tirelar albasa, unguwa na barci. Sauke mota ƙasa a titin da ke cike da ramuka da tudun rage gudu bai ma ɗauke mu minti biyar ba.

Auta bai rasa magana mai nauyi ba. Ya ce, "Yaya, ba don gayu kawai nake so ba. Tsakanin Mokwa da Kontagora hanya ɗaya ce, tireloli a jere. Sakan biyun da za ka rage wajen wuce tirela na iya zama rai." Yaya ya yi shiru, sannan ya ce, "Gaskiyarka, Auta. Amma doki 200 a ƙaramar mota irin wannan, in ba su ishe ka wuce tirela ba, wurin ne bai dace da wucewa ba." Ya tuna mana cewa iyakar gudun motar gida a dokar hanya kilomita 100 ne a babbar hanya mai tagwaye, 80 a irin waccan, kuma Hajiya ce a kujerar baya.

Ba mu soke tiyunin ba, mun ɗaga shi ne bisa sharuɗɗa huɗu. A fara sa intakula babba, in Allah ya kai mu kaka mai zuwa. A samu mai tiyunin da zai rubuta lissafin domin RON 91, ya hau titi da mu da man da muke sha, ya nuna mana a kwamfuta yawan jinkirin wutar da ƙwaƙwalwa ke yi. Ya ajiye mana fayil ɗin asali, yadda za a iya mayar da ita yadda take. Kuma mu ukun duka mu yarda. In ɗaya ya faɗi, motar ta zauna a yadda take. Auta bai gamsu ɗari bisa ɗari ba, har yanzu yakan turo mana bidiyon motocin Jamus a WhatsApp da tsakar dare. Amma shi ya fara cewa tun da aka sauya kwil aka wanke bawul, motar ta fi tashi, kuma birkin na kama inda ya ce.

Masu Accord da C300 da sauransu, kowane inji da inda yake da rauni, a tambayi wanda ya san shi. Mai Accord 1.5 ya tuna giyarsa CVT ce, ita ma da iyakar ƙarfin da take ɗauka. Tambayoyin dai ba sa sauyawa: lafiyar motar ƙalau? Tana tsayawa yadda take gudu? Wane fetur aka rubuta fayil ɗin dominsa, kuma da wane ma'auni? Duk mai tiyunin da bai amsa ta ƙarshen nan ba, a riƙe makulli a aljihu.

Makanikanmu da direbobin da ke wannan shafi, wanda ya taɓa yin tiyunin da man Najeriya ya faɗa mana abin da ya gani, mu ƙaru. Allah ya tsare mu a hanya, ya kai kowa gida lafiya.