Jan zare a bakin bindiga: tafiya zuwa Zermu

Mai zuwa Zermu daga Damagaram hanyar Mirya yake bi, wato babbar kwaltar da ta zarce Gure da Difa. Kilomita 18 ne zuwa Mirya, ba a jima ba ka hango itatuwan garake. Daga nan na hau kabu-kabu muka yi arewa maso gabas, cikin hazon hunturu da karan gero da aka bari a gonaki. Wani abokina ne ya haɗa ni da kawunsa, tsohon maharbi, ya ce in je in ga abin da tsohon ya sa a bakin bindigarsa, wanda ya raba kan mafarautan unguwarsu.

Mutanen wannan ƙasa ba baƙin bindiga ba ne. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogin da fatake ke ƙetarowa da su Sahara daga Tarabulus, ya kuma sa maƙeransa zubin igwa da haɗa albarushi a cikin Birni. A Tirmini, cikin 1899, rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta gamu da bindigogin Faransawa masu saurin ɗuri, aka ci ta. Sarauta ta canja hannu, amma maƙera ba su ajiye guduma ba. Har yau bindigar maharbi, ko ta toka ce ko ƴar Rasha mai baki ɗaya, a wurin maƙeri take jinya.

Na tarar da tsohon a zaure. Bayan gaisuwa da ruwa, ya jawo wata Baikal ƴar Rasha daga bayan tabarma, ya karya ta ya nuna mini babu harsashi, sannan ya miƙo. Ƙotarta ta sha ɗauri da waya. A can ƙarshen baki, bayan ɗan ƙullutun ƙarfen da ake saiti da shi, akwai wani jan zaren roba, kaurinsa kamar tsinken ashana, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa biyu ba. Ɗansa da ke ci-rani a Libiya ne ya aiko da shi.

"Ɗaga ta ka dubi ƙofa, ɗana," in ji shi.

Na ɗaga. Ɗigon ja ya kama, sai ka rantse da batir a ciki. Babu. Robar ce aka rina da wani launi mai shan haske. Hasken da ya faɗa jikinta ta gefe sai ya maƙale a ciki, yana ta karo da bango har ya fito ta ƙarshe, daidai inda idon maharbi yake. Dangin zaren gilashin da ke ɗaukar intanet ne, sai dai wannan na roba ne, kuma da hasken gari yake aiki. Da na juya bindigar zuwa lungun zaure, ɗigon ya mutu. Akwai wani irin saiti mai iskar tiritiyom da ke haske da kansa cikin duhu, amma yana da tsada, kuma ƙarfinsa na raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da ɗoriya. Maharbin kirki ma ba ya bukatarsa, tunda dokar farauta ta Nijar, ta 29 ga Afrilu 1998, ta hana farautar dare.

Tsohon ya ce amfaninsa da sanyin safiya ne da kuma gab da magariba, lokacin da zabi ke saukowa kiwo ko suke komawa makwanci. Idonsa ya daina rarrabe baƙin ƙarfe da duhun kurmi, amma ja yana gani. Wani matashin maharbi da ya shigo ya tarar da hirar bai yarda ba.

"Baba, wannan abu satar ido yake yi. In fakara ta tashi, ita ake kallo, ba bakin bindiga ba."

Gaskiyarsa ce, a ganina. Bindigar da ke watsa ƙwayoyi nuni ake yi da ita, kuma duk abin da ya janye ido daga tsuntsu mai tashi ya ɓata harbi. Da tsakar rana ma ɗigon kan yi haske har ya rufe abin da ake nufi. Amma tsohon ba tsuntsu mai tashi yake harbi ba yanzu. Laɓewa yake yi. Abin da ya fi damunsa da farko shi ne zaren ya ɗara tsohon saiti tudu, saboda haka harbi ya riƙa faɗuwa ƙasa, sai da ya koyi ɗaga baki kaɗan.

Batun ƙarko kuwa, nan ne hira ta yi tsawo. Zaren farko ƙayar magarya ce ta fizge shi. Na biyu ya dushe: rana ta cinye launin, ƙura ta cike gefensa, sannan wani jika ya goge bindigar da fetur, robar ta yi fari ta tsattsage. Masu yin irin wannan kaya, su TruGlo da HiViz na Amurka, sun san haka, shi ya sa suke sayar da zaren canji daban. Can abin sauyawa ne. A Zermu kuwa in ya karye sai an jira mai zuwa daga Libiya.

Maƙerin unguwar ne ya raba gardama. Muka taka zuwa maƙerarsa, ya nuna mini abin da ya yi: ɗan bututun tagulla, ya tsaga shi ta sama da gefe, ya zura zaren a ciki, ya ɗumama wuƙa ya taɓa ƙarshensa har ya yi kai, yadda ba zai zame ba. Rumfar ta rage haske, ɗigon bai kai na da ƙyalli ba, amma ƙaya ta daina samunsa. Abin da ya fi burge ni shi ne ya ƙi taɓa tsohon ƙullutun ƙarfen. Ya ce ranar da robar ta watse a daji, mai bindiga ya zare bututun ya ci gaba da aikinsa.

Na tambayi tsohon ko naman da yake samu ya ƙaru. Ya yi dariya, ya ce ai sai da nama ake harbi. Gada da barewa sun yi nisa. Abin da ya rage na manyan dawa yana can wajen Termit da Tin Tumma, inda gwamnati ta keɓe a 2012, ma'aikatan gandun daji na tsaro. Nan sai zabo, zomo da kurciya. Da zan hau kabu-kabu ya ba ni saƙo ga abokina: a kira ɗan nasa, a ce ya aiko da kore a gwada, kuma ya haɗo da yawa, don mutum biyu sun riga sun kai wa maƙerin bindigoginsu.