Ƙariyar gidan kakata

Hausawa na cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Akwai kuwa shukar da suka laƙaba wa wannan suna, ƙariya, don an fi ganinta da fure, da wuya a ga ɗanta. Ita nake reno shekara biyar ke nan, cikin wata tsohuwar randa da na huda wa gindi. Reshenta daga gidan kakata na yanko, kafin magada su sayar, mai saye ya rushe. Abin da ya rage mini na gidan ke nan.

Sana'ata rubuta manhaja. A wurinmu in ka sauya layi ɗaya, nan take kwamfuta za ta nuna maka ko ka dace. Ƙariya ba ruwanta da wannan gaggawa. Reshen ma sai ya yi kwanaki a inuwa, bakin yankan ya bushe, sannan a dasa shi a ƙasa mai yashi, inda rana ke duka. Gindinta da ke kumbura rumbun ruwa ne, shi ya sa fari bai cika kashe ta ba, yawan ban ruwa ne ke ruɓar da saiwarta. Sai na tura yatsa na ji ƙasar ta bushe ƙayau nake zuba mata. Da damina kuwa in ja randar ƙarƙashin rumfa. Rabin renonta kame hannu ne, abin da ya fi wuya ga wanda ya saba da gyara duk abin da ya gani.

Da hunturu takan zubar da ganye, ta tsaya tsirara. Duk shekara sai Inna ta ce, "Ɗan nan, itacenka fa ya mutu." Ba a jimawa furanni masu ruwan hoda su ɓarke a kan rassan da ba ganye ko ɗaya. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, har maharba kan shafa wa kibiya, don haka nakan wanke hannu bayan na yi mata aski, yara da akuya kuma ba sa zuwa kusa.

Bara ta fitar da kwanso biyu kamar ƙahonni. Da suka fashe, sai ga iri masu gashi kamar audugar rimi. Na shuka, bakwai suka tsiro. Jikokin kakata mu goma sha ɗaya ne, ana nan ana ta rigimar rabo.