Kwamfutar da Ba Ta Katse Karatu

A unguwar Madabo da ke cikin birnin Kano akwai wani soro na ƙasa mai rufin azara, wanda faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma uku ba. A nan wani dattijon malami yake zama da gafakokin littattafan da ya gada daga mahaifinsa: fiƙihu, nahawu, tauhidi da waƙoƙin wa'azi na ajami. Wasu daga cikin takardun idan aka ɗaga su a haske za a ga tambarin jinjirin wata guda uku, shaidar takardar Italiya da fatake suka riƙa ratso Sahara da ita. Gara ta riga ta cinye gefen gafaka biyu, ruwan wata damina kuma ya dagula tawadar ta uku.

Jikansa, wanda ya yi nazarin Hausa a Jami'ar Bayero, ya daɗe da fahimtar cewa ɗaukar hoton shafukan rabin aiki ne. A gefen kusan kowane shafi, da tsakanin layuka, akwai ƙananan bayanai da ɗaliban dā suka rubuta da Hausa, wasu a taƙaice ƙwarai, wasu da kalmomin da suka fita daga bakin mutanen yau. Dattijon kaɗai ya rage a gidan da zai iya warware su, ga shi kuwa ganinsa yana raguwa. Don haka jikan ya ƙudurta haɗa abu biyu a zama guda: ya ɗauki hoton shafi, ya faɗaɗa shi a kan allo yadda tsohon zai gani, sannan ya naɗi muryarsa yana karantawa yana fassarawa.

Gwajin farko da tsohuwar kwamfutarsa ta cinya bai yi daɗi ba. Da hotuna suka taru sai ta ɗau zafi, 'yar fankarta ta kama kuwwa, makirfo kuma ya kwashe ƙarar duka. Da aka saurari abin da aka naɗa, sai aka tarar ba a iya bambance "ƙ" da "k" a bakin mai karatun. Dattijon ya dubi na'urar ya ce, "Kai ɗan nan, ko a gaban Sarki ba a bar maroƙi ya rufe muryar alƙali ba. Fitar min da ita." Daga ranar jikan ya san irin kwamfutar da yake nema: mai ƙarfi, ƙarama, marar hayaniya. Matsalar ita ce waɗannan siffofi uku ba sa zama lafiya da juna. Ƙarfi yana haifar da zafi, zafi yana neman iska, iska kuwa a cikin ƙaramin akwati ita ce ƙara.

A shagunan titin Beirut, inda ake hada-hadar kwamfutoci da wayoyi, da ya ambaci ƙarfi sai aka nuna masa manyan akwatuna masu gefen gilashi da fitilu kala-kala, waɗanda aka ƙera domin masu wasannin kwamfuta. Abin da ya fi tsada a cikinsu shi ne katin sarrafa hoto, wanda shi kaɗai yana iya shan wat 200 ko fiye. Jikan ya yi lissafi da abin da ya tuna na kimiyyar sakandare: duk wutar da na'ura ta sha, zafi take komawa. Saka irin wannan a soro a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40, tamkar kunna kurfoti ne a gefen tsoho. Aikinsa kuma ba ya bukatar zana mayaƙa masu gudu. Hotuna ne tsayayyu da muryar mutum ɗaya. Da ya soke katin daga jerin sayayya, sai kaso mafi girma na kuɗin da kawunansa suka tara masa ya tsira, kaso mafi girma na zafi da ƙara kuma ya tafi tare da shi.

Sai ya koma kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar. Kamfanonin AMD da Intel duka suna ƙera waɗanda aka ƙayyade zafinsu a wat 65, masu ɗauke da sashen nuna hoto a jikinsu. Ya zaɓi mai cibiya shida daga cikin irin waɗannan. Akwai waɗanda suka fi shi sauri, amma ribar ita ce a gama sarrafa tarin hotuna 'yan mintoci kafin lokaci, farashin kuwa shi ne fanka mai ruri. Wanda zai jira tsoho ya gyara zama, ya share tabarau, ya yi bisimilla, ba shi da gaggawar mintoci.

Inda bai yi rowa ba shi ne ma'adana. Masu adana tsofaffin rubuce-rubuce, ciki har da shirin ceto takardun da ke fuskantar halaka wanda Ɗakin Karatu na Birtaniya ya soma a 2004, suna ajiye hoton asali a tsarin TIFF, wanda ba ya zubar da komai daga abin da kyamara ta gani. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya san rubutun Warshu: ɗigo ɗaya a ƙasa shi ne "fa", ɗigo ɗaya a sama shi ne "ƙaf", ɗigon imala kuma shi ne ke raba wasalin "e" da "i" a ajamin Hausa. Hoton da aka matse yana iya mayar da ɗigo dattin takarda, ko ya mayar da kashin ƙuda ɗigo. To amma hoto guda na kyamara mai megafiksel 24 yana cin kusan megabayit 72, shafi 1,000 ke nan gigabayit 72. Saboda haka ya sayi ma'adanar wucin gadi, wadda masu sana'ar ke kira ram, ta gigabayit 32, domin a buɗe shafuka da yawa a jere ba tare da na'urar ta sarƙe ba. Ma'adanar dindindin kuma ya ɗauki nau'in SSD mai terabayit 2, wadda ba ta da faifai mai juyawa, don haka ba ta da motsi balle sauti.

Batun ƙanƙanta ya warware shi da babban allo nau'in Mini-ITX, mai santimita 17 a kowane gefe, wanda kamfanin VIA ya ɓullo da shi a 2001. Sai dai bai zaɓi akwati mafi ƙanƙanta a kasuwa ba. Wani mai gyara da ya daɗe a sana'ar ya nuna masa cewa ƙaramar fanka dole ta yi gudu kafin ta tura iskar kirki, gudun nan kuwa shi ne kukan da ke shiga kunne, alhali mai faɗin milimita 120 ko 140 tana tura iskar a hankali. Ya yarda ya ƙara ɗan taƙi a girman akwatin domin babbar fanka ta samu wuri. Mai gyaran ya ƙara masa da abin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, wato ƙurar hunturu. Ya sa aka jera fankar ta riƙa jawo iska ciki ta bayan raga mai tacewa, yadda iskar da ke cikin akwatin za ta riƙa fita ta kowace kafa maimakon ƙura ta shiga. Ragar kuma a cire a kakkaɓe duk ranar Alhamis, ranar da ba a karatu.

Saura wuta. Gidan yana dogara ne da faifan sola biyu da batir da inbata idan lantarki ya ɗauke, janareta kuwa ba ya cikin lissafi tunda ƙararsa ta fi ta kowace fanka. A nan ne zaɓin farko ya sake biyan kansa, domin na'urar da ba ta da katin wasa ba ta zuƙe batir kafin a tashi daga zama. Ya dai ƙi sayen na'urar rarraba wuta mai arha da aka yi masa tayi, don ya san idan ta ƙone tana iya tafiya da duk abin da ke jone da ita. Araha ba ta ado.

Ranar da aka kunna ta a soron, bayan sallar la'asar, dattijon ya karanta shafi huɗu bai waiwaye ta ba. A na biyar ya tsaya kan wata kalma da jikan ya sha karantawa ba daidai ba, ya sa aka faɗaɗa ta har ɗigon jan tawada ya fito sarai, ya faɗi yadda mahaifinsa yake furta ta da abin da take nufi a bakin marina. Da aka saurari naɗin, babu abin da ke ciki sai muryarsa, da shafar takarda, da kiran wata mai tallar fura daga lungu.

Yana naɗe gafakar ne ya tambaya, "To ita wannan, shekara nawa za ta yi?"

"Allah ya gafarta Malam, in ta yi goma ta yi ƙoƙari."

Tsohon ya yi dariya ya ɗaga takardar da ta haura shekara ɗari. Jikan bai yi musu ba, domin gaskiya ce: ma'adanar zamani tana lalacewa, tana kuma iya mantuwa idan ta daɗe a ajiye ba wuta. Abin da ya iya faɗa shi ne zai riƙa kwafe aikin a wuri uku, ɗaya a soron, ɗaya a gidan gwaggonsa a wajen ganuwa, ɗaya kuma a miƙa wa ɗakin karatun jami'a idan dangi sun amince. Dattijon ya ce ai haka magabata suka yi, kowane ɗalibi ya kwafi littafin malaminsa ya tafi da shi garinsu, shi ya sa gobara ɗaya ba ta cinye ilimi. Sannan ya umarce shi da ya zo gobe da wuri, domin gafakar da gara ta fara ci ita ya kamata a gabatar.